Ranar da Esin Motata Ya Jiƙa Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta dangin matata ba za su bar ni ba, da wata Asabar cikin watan Afrilu da na ɗauki surukina zuwa ɗaurin aure a Karshi. Amma kafin mu kai ga ranar, sai na fara gabatar muku da motar, da kuma mutumin da ya sa mata esi, wato na'urar sanyi, domin saboda shi nake ba da labarin nan.

Motar ta mahaifina ce, Allah ya ji ƙansa. Doguwa ce mai kujeru layi uku, ruwan toka, ta girme ni da shekara biyu. Da ita ya yi jigilar fasinja da doya tsakanin Suleja da Minna har ƙarfinsa ya ƙare. Da aka zo rabon gado 'yan'uwana duk suka kau da kai daga gare ta, ni kuwa na ce a bar min. Injinta lafiya lau, murza makulli ɗaya take tashi. Matsalarta guda ce: an ƙera ta a zamanin da ake ganin taga ta ishi kowa iska. Babu esi, babu ma gurbin da aka tanadar masa. Abin da ke akwai wata 'yar fanka ce a cikin dashbod, wadda in ka kunna ta sai ta ɗebo zafin inji ta watsa maka a fuska.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a nan Abuja, a lokacin shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa. Surukina kuwa, Alhaji, tsohon dillalin hatsi ne da ke zaune a Garki, mutum mai ƙarancin magana da yawan kwarjini. 'Ya'yansa mata huɗu, don haka mu surukai huɗu ne. Sauran ukun kowanne yana da mota mai baƙin gilashi, irin wadda in ka shiga sai ka nemi bargo. Duk lokacin da sha'anin dangi ya taso, a tsakaninsu ake yanke wanda zai ɗauki Alhaji. Ni akan ba ni kuloli da tabarmi da kujerun roba. Sau ɗaya tak na taɓa ɗaukarsa, daga asibiti zuwa gida, muka shiga gosulo da tsakar rana. Ya sauko rigarsa ta manne da bayansa, ya goge wuya, ya ce, "Motar nan tana da ƙarfi." Na yi wata uku ina juya maganar nan a raina.

Da aka sa ranar auren ƙanin matata, sai na ƙudura cewa wannan karon ni zan ɗauki Alhaji, kuma a cikin sanyi. Gareji uku na je a Apo. Na farko ya ce ba ya yiwuwa, na biyu ya ce in sayar da ita in huta, na uku ya buɗe bonet ya kira maƙwabcinsa su yi kallo tare. Wani abokin aikina ne ya ce in je bayan kasuwar Gudu in tambayi Oga Ayuba.

Na same shi a wata rumfar kwano ƙarƙashin bishiyar mangwaro, yana wanke hannu da omo. Dattijo ne ɗan Gbagyi, zai haura sittin, gajere, da tabarau mai kauri. Hausarsa irin ta mutanen nan ce, wadda mota ma "shi" ce. Da na gaya masa buƙatata, sai ya zagaye motar sau biyu. Ya sa na tayar da ita, ya ɗauko wani dogon sukundireba ya ɗora bakinsa a jikin inji, ya kara mariƙin a kunnensa, ya lumshe ido. Haka ya yi ta matsar da shi daga wuri zuwa wuri kamar likita a ƙirjin majinyaci. Can ya ɗago ya ce, "Mota ɗin nan, wanda ya riƙe shi ya san mota. Direba ne?" Na ce mahaifina ne. Ya ce ya ji, domin injin da aka tausaya wa ba ya ɓuya.

Ni kuwa na zo da shirina. Na kwana biyu ina kallon bidiyo a waya, na buga zane-zane a takarda har shafi tara, na sa su a fayil (fayil mai roba, irin na masu neman kwangila). Na shimfiɗa su a kan bonet na shiga yi masa darasi. Na gaya masa ni malamin kimiyya ne, kuma ina son kwamfuresa babba (ita ce zuciyar esin), irin ta manyan motoci, domin sanyin da nake so ba na wasa ba ne. Ya saurare ni har na gama, ya ninke takardun a hankali ya miƙo min. Ya ce injin tsoho ne, in aka ɗora masa babbar kwamfuresa zai yi sanyi na sati biyu sannan ya kwanta a kan hawan Asokoro. Ƙarama zai sa, daidai ƙarfinsa, in na yarda. In ban yarda ba, akwai masu yi a gaba. Na yarda, amma da fuskar wanda ya yi wa wani alfarma.

Lokacin hutun makaranta ne, don haka kwana uku na yi a rumfar nan, wai ina sa ido. Abin da na gani a kwana ukun nan har yau ban gama mamakinsa ba.

Tunda injin ba shi da wurin ɗaura kwamfuresa, sai da aka ƙirƙiro masa. Oga Ayuba ya yago kwalin taliya, ya cusa hannu a gefen inji yana lalube, yana yanka kwalin da almakashi kaɗan-kaɗan, yana gwadawa yana cirewa, har kwalin ya zauna daram a wurin da ni ko yatsa ban ga inda zai shiga ba. Ya ɗora kwalin a kan wani faifan ƙarfe da ya ce daga jikin tsohuwar tirela ya fito, ya zana da alli, ya yanke, ya lanƙwasa, ya yi walda da kansa, ya huda ramuka huɗu. Da ya kawo ƙarfen nan jikin inji, kusoshi huɗun suka shige ba tare da ya buga ko ɗaya ba. Ni da nake koya wa yara awo da rula, ban ga rula a hannunsa ba ko sau ɗaya. Da zai daidaita fanbel ɗin da zai juya kwamfuresa, zaren ɗinki ya ja daga wannan gefe zuwa wancan, ya rufe ido ɗaya, ya ce saura kaɗan, ya sa wani siririn ƙarfe kamar farce a ƙasa, ya ce ya yi.

Rana ta biyu ya sa wani abu mai kama da saƙar zuma a gaban lagireto, wanda ya ce shi ke fitar da zafi waje, ya ƙara masa fanka ta biyu don kada tsohon injin ya tafasa a gosulo. A cikin mota kuwa, ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren fasinja, ya rataye wani baƙin akwati mai tagogi huɗu, inda sanyin zai riƙa fitowa. Ya huda jikin motar ya zura bututai, kowane rami sai da ya yi masa baki da roba don kada ƙarfe ya ci bututu. Na tambaye shi wa zai ga wannan wurin. Ya ce ba wanda zai gani, amma bayan shekara biyar bututun zai sani.

Rana ta uku ya zuƙe iskar da ke cikin bututan da wani tsohon injin firji da ya mayar famfo, ya bar shi kusan awa guda yana zaune yana cin gyaɗa. Ya ɗura gas, ya bi kowace mahaɗa da ruwan sabulu yana duba ko kumfa za ta taso. Sannan ya taɓa bututu ɗaya da bayan hannu, ya taɓa ɗayan, ya ƙara gas kaɗan, ya sake taɓawa. Ya ce in shiga in rufe gilasai.

Na shiga. Ya miƙo hannu ya murɗa wani ɗan maɓalli. Injin ya ɗan yi ƙasa da murya, ya dawo daidai. Da farko iska ce kawai. Can sai na ji ta a gwiwata, sanyi na gaskiya, mai tsabta, yana hawowa hannu har wuya. A cikin motar nan da na sani tun ina zama a kan cinyar mahaifiyata, motar da kujerarta ke ƙona mutum ta cikin wando. Na tuna mahaifina da tawul ɗinsa a wuya, shekara talatin yana tuƙi a cikin zafin nan, ashe duk tsawon lokacin motar tana iya wannan, mutumin da zai tambaye ta ne ba a samu ba. Sai da na kau da kai na goge ido.

Da na fito Oga Ayuba ya fara yi min bayanin yadda zan kula da abin. Na ji ya ce kada in kunna shi kafin in tayar da inji, na ji ya ce in riƙa duba ruwan lagireto. Daga nan ban ƙara jin komai ba, domin na riga na kira matata a bidiyo ina nuna mata gashin hannuna da ya miƙe. Na ji dai yana cewa, "Malam, akwai abu ɗaya a ƙasa," na ɗaga masa hannu na ce kada ya damu, wannan fannina ne. Ya yi murmushi ya koma wanke hannunsa.

Ranar Juma'a ke nan, gobe ɗaurin aure. A satin aka yi ruwan farko, garin ya yi wani irin gumi mai danƙo. Bayan masallaci na zaga da motar har Kubwa na dawo ba don komai ba sai don in ji daɗi. Na faka a tsakar gidanmu a Karmo, ina cikin cin abinci matata ta leƙo ta ce motata tana zubar da ruwa. Na fita da cokali a hannu. Ga ruwa kuwa ya kwanta a ƙasa, ta ɓangaren fasinja, yana ɗiga ɗis, ɗis.

Na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashinta. Sai ga wani ɗan siririn baƙin bututu yana lilo, bakinsa a buɗe, ba a haɗa shi da komai ba, ruwa na fita ta ciki. Wallahi abin da na fara ji ba tsoro ba ne, daɗi ne. Kwana uku mutumin nan yana sa ni jin kamar ban taɓa shiga aji ba, yau ga shi na kama shi ya manta bai haɗa bututu ba. Matata ta ce in kira shi mana. Na ce ba sai an dami dattijo ba, abu ne ƙarami. Na laluba aljihu na samu jan biron da nake duba takardun yara da shi, na cire murfin, na gwada a bakin bututun, ya shige kamar don shi aka yi. Na naɗe da salatif zagaye bakwai. Na tayar da mota, na kunna esi, muka tsuguna muna kallo. Ko ɗigo. Na miƙe ina kakkaɓe riga na ce mata, "Kin ga amfanin karatu."

Washegari ƙarfe takwas ina ƙofar gidan Alhaji a Garki. Matata ta riga ta yi min kamfen a wajen mahaifiyarta, an amince ni zan ɗauke shi. Sauran surukan suna tsaye jikin motocinsu suna yi min kallon tausayi. Alhaji ya fito cikin farar shadda, babbar riga da 'yar ciki da wando, an buge ta tana ɗaukar ido, domin shi ne zai karɓa wa ɗansa aure. Ya zauna a gaba. Ƙaninsa, Baffa Sale, mutum mai surutu da dariya, ya shiga baya. Na rufe ƙofa, na tayar da inji, na murɗa maɓalli.

Ba mu kai gadar Asokoro ba Baffa Sale ya fara salati yana tambayar ko motar marigayi ce kuwa. Alhaji kuwa na gan shi ya tara tafin hannunsa a bakin tagar akwatin, ya daɗe a haka. A gosulon Nyanya muka yi kusan minti arba'in. Mutane a cikin bas suna fifita da kwali, suna leƙo tsohuwar motar da gilasanta ke rufe ruf, mu kuwa kamar muna cikin banki. Alhaji ya gyara zama ya ce, "Malam, aikin nan ya yi kyau." A shekara tara da na yi ina auren 'yarsa, ban taɓa samun jimla mai tsawon wannan ba. Na ce ai tare muka yi da makanikin, har ma akwai ɗan kuskuren da ya yi na gyara jiya. (Allah ya yafe min. Ba wanda ya tambaye ni.)

Bayan mun wuce Jikwoyi na fara jin wani sauti daga ƙarƙashin dashbod, kamar mutum yana kurkure baki. Na ƙara sautin rediyo. A Orozo wani ɗan feshi ya taɓa min hannu, na ce a raina ƙarfin sanyi ne. Muna gangarowa wata kwana kafin Karshi sai ga garken shanu ya shigo titi, Bafulatanin yana bayansu da sandarsa. Na taka birki da ƙarfi.

Duk ruwan da akwatin nan ya tara tun daga Garki, tun ma daga jiya, ya taso gaba ɗaya. Wani ya kwararo ta ƙasa, wani fanka ta feso shi ta tagogin nan huɗu. Kuma ba farin ruwa ba ne, ya wanko ƙurar da ke cikin akwatin, ya zama ruwan ƙasa-ƙasa, ga shi da sanyi kamar daga firji. Duka a kan cinyar Alhaji ya sauka. Daidai cinya, daga ƙugu zuwa gwiwa, a kan farar shadda, a wurin da duk wanda ya gani abu ɗaya zai zo masa a rai.

Rediyo na ta surutunsa. Shanu suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya dubi cinyarsa, ya dubi titi, ya ce, "Inna lillahi," a hankali, kamar mai karanta jarida. Baffa Sale ya leƙo ta tsakanin kujeru, ya gani, ya koma ya cusa hularsa a baki. Ina jin kujerar baya tana girgiza.

Saura minti ashirin a ɗaura aure. Babu shago, babu gida, babu lokacin shanya. Na gangara gefen titi bayan wata bishiyar ɗorawa, na cire babbar rigata da 'yar cikina, shuɗiya, na miƙa wa surukina ina kallon ƙasa. Wanda ya san kunyar da ke tsakanin mutum da uban matarsa ya san abin da nake nufi. Ni mutum ne da ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba, yau ga ni tsaye da singileti. Na fi shi tsawo, don haka rigar ta rufe wandon har idon sawu, abin da ya cece mu ke nan. Haka ya karɓi auren ɗansa cikin rigata, an ce min yana tattare ta kamar mai tsallake rafi. Ni kuwa a cikin mota na yi ɗaurin auren, can nesa da masallaci, na kwantar da kujera, gilasai a rufe, esi a kashe, ina dahuwa.

Da a nan abin ya tsaya, da an ce tsautsayi ne. Amma a hanyar dawowa bakina ya ƙi rufuwa. Na ce makanikan yanzu ba su da amana, na ce na yarda da dattijo don furfurarsa, na ce sai ya san wanda ya taɓa. Alhaji ya ce a bar maganar. Na ce a'a Baba, ku yi haƙuri, mutuncinku aka taɓa. Baffa Sale, wanda ba ya son a gama wasa da wuri, ya ce ai Gudu kan hanya ce, mu biya mu ji ta bakinsa.

Bayan la'asar muka isa. Akwai mutane a rumfar, masu motoci biyu, da makanikan maƙwabta, da matar da ke sayar musu da abinci. Na fito sanye da jiƙaƙƙiyar 'yar cikin Alhaji da ta tsaya min a cibiya, na ɗauko babbar rigar na baza ta a gaban Oga Ayuba kamar lauya a kotu. Na yi magana da Hausa, na juya Turanci, na dawo Hausa. Na ce aikinsa ya wulaƙanta uban matata a ranar auren ɗansa. Na ce tun jiya na gano ya bar bututu a sake.

Bai katse ni ba. Ya fara zuwa ya gaishe da Alhaji har da rusunawa, ya ba shi haƙuri. Sannan ya buɗe ƙofar fasinja ya taɓa kafet, ya shinshina yatsunsa. Ya tambaye ni a hankali, "Wane bututu, Malam?" A daidai lokacin wani abu ya fara motsi a can ƙasan kwanyata. Ya jawo tabarmar kwali ya shige ƙarƙashin motar. Muka ji ƙarar salatif ana warwarewa, zagaye bayan zagaye. Sai ruwa ya tsinke, shaa, ya gangaro har wajen takalmin Alhaji.

Ya fito yana riƙe da jan murfin biro tsakanin yatsu biyu. Bai tambayi na wane ne ba. Bai ma buƙata ba, domin Baffa Sale ya riga ya zura hannu a aljihun rigata da ke jikin Alhaji, inda na saƙala birona da safe kamar kullum, ya zaro jan biro marar murfi, ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Ya karɓi murfin ya rufe, ya yi ƙas. Matar nan mai abinci ta ajiye ludayi ta juya baya kafaɗunta na rawa.

Na so ƙasa ta buɗe. Amma abin da ya biyo baya ne ya fi zama a raina. Alhaji, maimakon ya yi fushi, sai ya matso ya tambayi Oga Ayuba daga ina ruwan yake fitowa, tunda ba a zuba wa akwatin ruwa. Oga Ayuba ya karɓi gorar lemo mai sanyi daga kular matar nan, ya goge ta tas da gefen rigarsa, ya ɗora a kan bonet ya ce mu jira. Ba a yi minti ɗaya ba ta fara gumi. Ya ce, "Baba, ka ga gora ɗin bai fashe ba. Ruwa ɗin yana cikin iska, ido ne ba ya gani. In ya taɓa abu mai sanyi sai ya sauka. Cikin akwati ɗin ma haka ne. Numfashin ku, da gumin ku, da ruwan sama na satin nan, duka shi ne yake tarawa. Shi ya sa na ba shi hanya ya fita."

Ya tayar da motar, ya kunna esi, ya tara kofin silba a ƙarƙashin ɗan bututun. Muka tsaya, mutum kusan goma, muna kallon ɗigo yana sauka. Kafin a gama gaisawa da wani da ya shigo, ruwa ya rufe gindin kofin, garau kamar hawaye. Alhaji ya karɓa ya ɗaga shi wajen haske, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Subhanallahi. Ashe a cikin ruwa muke yawo ba mu sani ba." Ni ma, duk da halin da nake ciki, sai da tsigar jikina ta tashi. Na zana abin nan a allo ya fi sau hamsin, da kibiyoyi da sunayensa na Turanci, na ba da jarrabawa a kansa, na kayar da yara a kansa. Ban taɓa tsayawa na kalle shi a kofi ba sai ranar.

Alhaji ya juyo gare ni, ba da gatse ba, da gaske yake son sani. Ya ce, "Malam, wannan ba ya cikin abin da kuke koyarwa ne?" Na ce yana ciki, Baba. Ya ce a wane aji. Na ce aji ɗaya. Ya gyaɗa kai ya mayar da kofin.

Oga Ayuba ne ya cece ni, in har ceto za a kira shi. Ya dafa kafaɗata ya gaya wa jama'a cewa a shekara arba'in da ya yi yana aikin nan, bai taɓa ganin an toshe bututu da kyau irin haka ba, ko ɗigo ɗaya bai tsere ba. Aka yi dariyar da kowa ke riƙewa, har da Alhaji, wanda a ranar na fara ganin haƙoransa na ciki. Na tsuguna a gaban dattijon nan cikin rigar da ba tawa ba na roƙe shi gafara. Ya ce ba komai, ya ciro kafet ɗin ya shanya a kan reshen mangwaro, ya ce in zo Litinin in ɗauka, kuma wannan karon in zo da kunnena.

Na je Litinin, na zauna a kan benci na saurari bayanin tun daga farko, wayata a kashe. Esin nan yau shekararsa huɗu, bai taɓa neman ko ƙarin gas ba. Alhaji da kansa ya kai wa Oga Ayuba tsohuwar a-kori-kurarsa, kuma na ji suna gaisawa a waya duk Sallah da Kirsimeti, abin da ni ban samu ba har yanzu.

Abin da na koya bai da yawa. In na ga abu yana ɗiga, ina tambayar wanda ya haɗa shi kafin in toshe. In kuma na ji bakina ya ɗauko "ai ni malamin kimiyya ne", nakan nemi ruwa in sha har maganar ta wuce. Yanzu duk sha'anin dangi ni nake ɗaukar Alhaji, shi da kansa yake cewa a kira Malam. Sai dai tun daga ranar, a kujerar baya yake zama.